An Yi Wa Sanata Baki

Duk wanda ya taɓa zama a benci a ƙofar shagon Ben mai aski a Kamazou ya san Zakariyya'u Mai-turare, in ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Daga Makera yake tasowa kullum da akwatin gilashi a kafaɗa, cike da kwalaben turare da asuwaki da kanumfari. Sai ya zaga layi-layi har rana ta gasa masa ƙeya, sannan ya zo ya sauke a inuwar Ben ya buɗe babbar hajarsa, wato surutu. Babu cutar da bai taɓa warkarwa ba, babu injin da bai taɓa tayarwa ba. In ka ce ka ga kada a kogin Kaduna, zai ce maka ai shi ya taɓa cire wa uwarta ƙashi a maƙogwaro.

Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba, kuma shi ke ci masa tuwo a ƙwarya: shago. Shekara goma sha ɗaya yana yawo da akwatin nan, har kafaɗarsa ta dama ta karkace. Ga kuma shago nan a tsallaken titi, a jikin katangar Madam Scholastica mai sayar da atamfa, a kulle tun da tela ya tashi. Sau uku yana roƙonta, sau uku tana ce masa za ta yi shawara.

To, Madam Scholastica tana da kare. Kada ku ɗauka irin karen farauta ne ko na gadi. Wani ɗan mitsitsi ne fari mai gashi har ƙasa, in ya kwanta sai ka rantse tsumman goge tayil ne. Sunansa Sanata. 'Yarta Lizzy ce ta bar mata shi da ta yi aure ta koma Fatakwal, don haka Madam take ji da shi kamar jika. Sai dai Sanata yana da aibi guda: in ya buɗe baki, falo gaba ɗaya sai ya tashi. Mijinta Baba Wilfred, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya daɗe da mayar da cin abincinsa gindin mangwaro.

Ranar Talata Madam ta tsallako shagon Ben, ranta a jagule. Ranar Asabar matan Zumunta na cocinsu za su yi taro a gidanta, karo na farko cikin shekara uku, kuma Sanata ba ya ganin baƙuwa bai haye cinyarta ba. Likitan dabbobin da ta saba da shi, Dokta Ishaya, ya tafi Zariya, sai Asabar ɗin zai dawo.

“Ben, kunya za ta kashe ni,” in ji ta. “Allah ya sani, wanda ya raba ni da warin nan kafin Asabar, ko shagon can ya ce yana so, zan ba shi mabuɗi.”

Zakariyya'u ya miƙe har yana ture akwati.

“Madam, ki ce kawai shagon ya zama nawa. Warin baki? Ni da na yi wa raƙumi magani a Mai'aduwa? Har gobe in ya yi hamma sai mata sun tambayi inda ake sayar da turaren.”

Ben ya kashe injin aski. “Zakari, kare fa aka ce. Ka taɓa taɓa kare a rayuwarka?”

“Kai dai aski ka sani. Likitan ƙwarai ba ya taɓa majinyaci, daga nesa muke aiki.”

Gaskiyar magana, Zakariyya'u tsoron kare yake kamar ransa. Ga shi kuma tun yana yaro aka koya masa cewa in yawun kare ya taɓa abu sai an wanke sau bakwai, shi kuwa ko sau ɗaya ba ya son wanki. Amma shago ai ba wasa ba ne.

Ranar Laraba ya iso cikin rigar ruwa, a watan Maris, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya ɗaure ledar burodi a kowane hannu, ya aro takalmin roba na masu kwasar kwata. A hannunsa akwai doguwar gorar tsinko mangwaro, ya ɗaure asuwaki a bakinta. Ya tsaya a bakin get, Sanata na can kan baranda.

“Sanata,” ya ce da muryar likita, “ce aaa.”

Sanata ya dubi asuwakin da ke lilo a gaban hancinsa, ya cafke. Zakariyya'u ya ja, Sanata ya ja. Zakariyya'u ya fizga da ƙarfi, zaren ya tsinke, gorar ta yi sama ta sarƙafo igiyar shanya. Zanen Zumunta na Madam, wanda ta wanke musamman saboda Asabar, ya sauka cikin bahon ruwan wanke-wanke. Gindin gorar kuma ya koma baya ya share rediyon Baba Wilfred daga kan kujera ana tsakiyar labaran duniya.

“Malam Zakari! Zanena!”

“Ki kwantar da hankalinki, Madam. Dubi majinyaci, da kansa ya karɓi magani ya shiga da shi ɗaki. Ba kowane kare ke yin haka ba. Alama ce mai kyau.”

Da yamma aka tsinci asuwakin a cikin takalmin coci na Baba Wilfred, ko tauna shi ba a yi ba.

Ranar Alhamis ya zo da kasko da garwashi da turaren wuta irin na amare, da wani ƙaton kwandon kaji. Ya sa Madam ta kife Sanata da kwandon, shi kuma ya ajiye kaskon a gefe ya tsaya daga nesa yana kora hayaƙi da murfin kwali. Sanata ya yi atishawa sau ɗaya. Ya yi ta biyu. A ta uku sai kwando ya tashi da gudu.

Ya zaga tsakar gida, ya ture kasko, ya fice ta get. Jummai mai awara, wadda ke suya a gefen titi, ta ɗaga kai ta ga kwando na sheƙa gudu babu mai riƙe da shi. Ta yar da cokalin suya ta haye bencin Ben tana salati. Zakariyya'u ya biyo baya yana tsalle, domin garwashi ɗaya ya faɗa cikin takalmin robarsa. Sai da Baba Wilfred ya tare kwandon da ƙafa aka ciro Sanata, yana kaɗa wutsiya abinsa, shi a wurinsa wasa aka yi masa. Baba ya sunkuya ya shaƙa, ya miƙe a hankali.

“Malam Zakari, sannu da aiki. Da wari ɗaya muke fama, yanzu ka yi masa aure. Kamar an fesa turare a kan bola.”

Madam ta ga abin ya fi ƙarfin wasa, ta kira Dokta Ishaya, ta buɗe murya kowa na ji. Ta zayyana masa komai.

“Mama, don Allah ku daina ba shi komai,” in ji likita. “Wannan ai baki ne. Matsalar daga baki take. In na zo Asabar zan...”

Layi ya yanke. Zakariyya'u ya tafa hannuwansa masu leda.

“Allahu Akbar! Kun ji da kunnenku? Baki ne! Tun jiya nake zargin haka, na yi shiru ne don kada in tayar miki da hankali. Madam, an yi wa karen nan baki. Kambun baka ne. Mutane su yi ta cewa kai, karen nan da kyau, kai, dubi gashinsa, babu mai cewa tubarkalla. Ga shi bakinsu ya taru a cikin nasa.”

“Anya?” in ji Madam. “Ni ina ga haƙori yake nufi.”

“Da haƙori yake nufi ai da haƙori zai ce. Likita ne fa, ya yi karatu, ya san bambancin baki da haƙori.”

Madam ta dubi Sanata. Ta tuna matar da ta ce Sanata ya fi 'ya'yan wasu tsabta. Ta tuna mai kawo ruwa da ya ce karen nan ya fi shi cin daɗi. Abin ya soma shigarta.

“To mene ne maganin?”

Zakariyya'u bai sani ba, amma rashin sani bai taɓa hana shi amsa ba. “Mai sauƙi ne. Duk wanda ya taɓa yabon karen nan zai kuskure bakinsa a bokiti ɗaya. A yi wa Sanata wanka da ruwan. Baki ya kawo, baki zai mayar.”

Ranar Juma'a da safe ya fito da bokiti da buta. Da Jummai ya fara.

“Jummai, ba na son ɓoye-ɓoye. Bakinki ne ya kama karen Madam.”

“Bakina ne ya yi me?”

“Ya kama shi. Shi ya sa nasa ke wari.”

“Au, bakina ne ke wari har ya shafi kare? Zakari, ni kake faɗa wa haka a gaban masu sayen awarata?”

“Ba wari na ce ba, baki na ce!”

“To bakin wa? Na uwarka?”

Da ƙyar Ben ya raba shi da cokalin suya. Gida na biyu aka sako masa ruwan wanki, gida na uku aka ce za a kira mai unguwa. Da ya ga bokiti na neman komawa wayam, sai ya canza dabara: duk wanda ya kuskure baki zai samu asuwaki ɗaya da ɗan turare kyauta.

Nan fa unguwa ta tuna ashe kowa ya taɓa yabon Sanata. Masu acaɓa suka yi layi. Wani direban tifa da ya taso daga Gonin Gora, wanda ko hoton karen bai taɓa gani ba, ya rantse shi ma ya yabe shi a zuci. Mai cin goro ya kuskure, mai kifi ya kuskure, wani da ya fito daga inda ba a faɗa ya kuskure, ruwan ya canza launi nan take. Ben da kansa ya shiga layi sau biyu, na biyun da hular wani. Kafin a kira sallah bokiti ya cika, akwatin gilashi ya zama fanko. Zakariyya'u ya dubi akwatin, sannan ya dubi shagon tsallake, ya daure. Ya rufe bokitin da faranti ya ajiye a bayan shagon Ben, bokitin ya kwana a nan cikin zafin Maris.

Madam ta ce masa ya zo Asabar da sassafe, a yi wankan a bayan gida kafin baƙi su iso. Shi kuwa da gangan ya makara. Yaya za a yi mutum ya yi aikin da likita ya kasa, a ce babu shaidu? Sai da rumfar da aka kafa a tsakar gida ta cika da mata cikin anko, ana kaɗa tukwane ana rera waƙa, sannan ya shigo. Yau babu rigar ruwa. Farar babbar riga ya sa mai sitati, irin wadda ta dace da karɓar mabuɗi. Ben da Jummai da rabin layin suka biyo shi suka tsaya a get.

Daidai lokacin Sanata ya kuɓuce daga ɗaki. Ya ratsa ƙafafu ya haye cinyar Mama Maryamu, shugabar Zumunta, wadda ke ba da waƙa ido a rufe. Ya dube ta da ƙauna, ya yi hamma.

Waƙar ta tsaya a tsakiyar kalma. Mama Maryamu ta buɗe ido, hawaye ya zubo.

“Yesu Mai Ceto! Scholastica, me ya mutu a gidan nan?”

“Iyaye mata, kada ku damu!” Zakariyya'u ya ɗaga hannu. “Sunana Zakariyya'u, wasu na ce min Dokta. Abin da kuka shaƙa ba wari ba ne, sharrin mutane ne. Yanzu a gabanku zan kore shi. Mama, ki sauke shi ƙasa ki ja baya.”

Ya buɗe bokitin. Matan layin gaba suka koma layin baya ba tare da an roƙe su ba. Da yake ba ya son matsawa kusa da kare, sai ya jawo kujerar roba ya hau, don ya sheƙo ruwan daga sama. Ya ɗaga bokitin sama da kansa da hannu biyu.

“Baki ya kawo...”

Sanata ya gane mutumin da ke zuwa yi masa wasa kullum. Ya taho da gudu yana haushin murna, ya dafa kujerar, ya lashi babban yatsan ƙafar Zakariyya'u.

“Wayyo Allah, ya taɓa ni!”

Ƙafar kujera ta lanƙwashe. Bokiti ya juya a sama ya sauka daidai kan mai shi, ya kife masa har kafaɗa. Ruwan bakin Kamazou da na Gonin Gora ya gangara ta wuyan babbar riga ya fita ta ƙafar wando. Ko ɗigo bai taɓa Sanata ba.

Sai muryar Jummai daga get: “To, baki ya mayar!”

Rumfa ta kece. Mai kaɗa tukunya ta faɗi kan tukunyarta. Ben ya riƙe ƙarfen get yana neman numfashi. Mama Maryamu, da hankici a hanci, tana dariya tana cewa a yi wa bawan Allah addu'a.

Ana cikin haka Dokta Ishaya ya shigo a kan babur. Ya dubi mutumin da ke cire bokiti daga kai, bai tambaya ba. Ya sa safar hannu, ya ɗauki Sanata, ya ɗaga masa leɓe.

“Mama, zo ki gani. Ƙaramin kare haƙoransa arba'in da biyu ne, daidai da na babba, amma dubi bakin, bai fi kofin shayi ba. Sun cunkushe kamar fasinjan bas ɗin Sabo. Abinci ya maƙale a tsakani, ya ruɓe, ya zama wannan dattin mai ruwan ƙasa da ya daskare. Dubi dasashi ya yi ja. Ga kuma haƙorin yarinta da bai faɗi ba, ya manne da sabon, nan ne matattarar. Wa ke ba shi abu mai laushi?”

“Babu kowa,” in ji Madam. “Abincinsa nake saya masa.”

“To wannan burodi ne da kifin gwangwani.”

Kowa ya juya. Baba Wilfred yana gindin mangwaro yana nazarin ganyaye kamar yau ya fara ganinsu.

“Baban Lizzy!”

“Ai shi ke zuwa ya zauna yana kallona,” in ji Baba. “Mutum ya ci shi kaɗai?”

Likita ya ce a kai masa Sanata asibiti ranar Litinin, zai sa shi barci ya kankare dattin ya cire haƙorin. Bayan nan kullum a goge masa baki da ɗan buroshi da man goge baki na karnuka, ban da na mutane domin yana cutar da su. Ya ƙara da cewa ko da wasa kada wani ya ce zai ba shi tafarnuwa ko albasa, guba ce a wurin kare. Zakariyya'u ya ƙara tura wani ƙulli cikin aljihu a hankali. Sannan ya share fuska ya gyara murya.

“To ai abin da na faɗa ke nan. Likita, ba ka ce baki ba ne?”

“Na ce baki ne.”

“Kun ji! Ni da likita bakinmu ɗaya. Madam, batun mabuɗi fa?”

Madam Scholastica ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ji haushi, amma ta ga akwatinsa ya ƙare a kan karenta, sai tausayi ya kama ta. Ta kwance mabuɗin daga bakin zane ta ɗaga.

“Warin bai tafi ba, Malam Zakari, amma ka wahala. Ga mabuɗi. Sharaɗi ɗaya ne. Ka ji abin da likita ya ce. Ni idona ba ya ganin ƙananan haƙoran nan. Kullum da safe kafin ka buɗe shago, za ka ɗora Sanata a cinya, ka buɗe masa baki da hannunka, ka goge.”

Zakariyya'u ya dubi mabuɗin. Shekara goma sha ɗaya ga ta nan tana lilo a gaban hancinsa. Ya dubi Sanata. Sanata ya zaro harshe yana kaɗa wutsiya, yawu na ɗiga.

“Da gora fa?”

“Da hannu.”

“In sa leda?”

“Ka sa abin da kake so, amma a cinya.”

Ya miƙa hannu. Saura ƙiris ya taɓa mabuɗin sai Sanata ya yi ɗan haushi, hannun ya koma cikin riga da kansa.

“Madam, na yi tunani. Shagon nan yamma yake kallo. Rana za ta lalata min turare.”

“Ni awarata ba ta tsoron rana,” in ji Jummai. Ta ratso rumfa, ta karɓi safar hannu a wurin likita, ta ɗauki Sanata ta saɓa a hammata kamar kazar da ta sayo a kasuwa. “Na goge wa yara shida baki, har da masu cizo. Madam, kawo.”

Mabuɗin ya faɗa tafin Jummai. Wannan ƙarar ta fi bokitin yi wa Zakariyya'u ciwo. Ya rataya fankon akwatinsa ya fita, rigar na ɗiga, mutane na buɗe masa hanya fiye da yadda ake buɗe wa gwamna.

A bakin titi ya tsayar da keke-napep. Na farko ya rage gudu, ya shaƙa, ya ƙara wuta. Na biyu ma haka. Na ukun wani dattijo ne mai haƙuri, ya tsaya, amma ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci.

“Subhanallahi! Malam, lafiya? Wannan wari haka daga jikinka?”

Zakariyya'u ya gyara zaman hularsa da ta jiƙe, ya ɗaga kai sama.

“Ba nawa ba ne, Baba. Bakin mutane ne.”